Allon kwamfuta na wasan bidiyo: Me ya kamata a duba kafin a saya a Kaduna?

A unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna, kamar Barnawa da Kakuri da Television da Narayi da Sabon Tasha, shagunan da matasa ke biyan kuɗi su buga wasan ƙwallon ƙafa a na'urar PlayStation sun zama ruwan dare.

Jarin irin wannan shago bai wuce na'urar wasa da allo da benci da injin janareta ba. A cikin waɗannan kaya kuwa, allon ne aka fi tafka kuskure wajen sayensa, ko na shago ne ko na gida.

Dalili shi ne, tambayar farko da mai saye kan yi ita ce inci nawa ne. To sai dai girma shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a cikin abubuwan da ke sa allo ya dace da wasa. Wutar da yake ci, da irin wayar da yake karɓa, da jinkirin da yake yi kafin ya nuna hoto, da kuma shekarun da ya yi yana aiki a wata ƙasa kafin ya iso Najeriya, duk sun fi girman tasiri a kan aljihun mai shi.

Yadda allon LCD ke aiki

A kasuwa, kusan duk wani shafaffen allo ana kiransa "filasma". Gaskiyar magana ita ce manyan kamfanoni sun daina ƙera talabijin na filasma tun a shekara ta 2014, kuma kusan duk allunan kwamfuta da ake sayarwa na LCD ne.

Allon LCD ba ya fitar da haske da kansa. Akwai fitila a bayansa, a gabanta kuma akwai wani siririn ruwa na musamman da aka matse tsakanin gilashi biyu. Idan aka ba ruwan wutar lantarki, ƙwayoyinsa kan juya, su buɗe wa haske hanya ko su toshe ta. Kowane ɗigo na hoton ya ƙunshi ƙananan ɗigo uku, ja da kore da shuɗi, kuma daga haɗuwarsu ake samun sauran launuka.

Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Austriya, Friedrich Reinitzer, shi ne ya fara lura da irin wannan ruwa a shekara ta 1888. Sai a shekarun 1960 ne injiniyoyin kamfanin RCA na Amurka suka nuna cewa za a iya yin allo da shi. An kuma ɗauki wasu shekaru kusan arba'in kafin cinikin allunan LCD na kwamfuta ya zarta na tsofaffin allunan nan masu ƙusumbi, a farkon shekarun 2000.

Wannan bayani na da amfani ga mai saye ta fuska biyu. Na farko, juyawar ƙwayoyin ruwan na ɗaukar lokaci, kuma daga nan ne dishi-dishin da ake gani a hoto mai gudu ke tasowa. Na biyu, fitilar da ke baya ita ce ke cin mafi yawan wutar, ita ce kuma ke fara tsufa.

Faɗi da inci

Tsofaffin alluna kusan murabba'i ne, faɗi huɗu tsayi uku, wanda ake rubutawa 4:3, ko kuma 5:4. Daga tsakiyar shekarun 2000 aka koma ga masu faɗi na 16:10, sa'annan daga wajejen 2008 masu ƙera allo suka karkata ga 16:9, wanda shi ne ma'aunin talabijin na zamani.

Ana auna allo ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke daura da ita, a karkace. Saboda haka alluna biyu na iya zama inci ɗaya amma girmansu ya bambanta. Allo mai inci 19 na 5:4 tsayinsa ya kai kimanin santimita 30, alhali mai inci 19 na 16:10 tsayinsa bai kai santimita 26 ba, kuma idan aka lissafa faɗin fuskar baki ɗaya, tsohon ya fi shi. Wanda ya sauya wannan da wancan da tunanin ya ƙara girma, ragewa ya yi.

Amfanin allo mai faɗi a wasa shi ne yana nuna ƙarin fili a dama da hagu. A wasan ƙwallo, mai bugawa na ganin ɗan wasan gefe tun kafin ya miƙa masa ƙwallo. Na'urorin PlayStation 3 da 4 da 5 duk an tsara su ne a kan 16:9.

Idan aka haɗa su da allon 16:10, ɗayan abu biyu ne ke faruwa. Ko dai a sami baƙin layi a sama da ƙasa, wanda ba shi da wata illa, ko kuma allon ya ja hoton ya cika fuska, 'yan wasa su yi tsawo, ƙwallo ta koma kamar ƙwai. Yawancin alluna na da wurin da ake gyara wannan a cikin jerin saitinsu, amma wasu masu araha ba su da shi, don haka ya kamata a duba.

Akwai kuma masu faɗi sosai na 21:9. Suna da kyau ga mai wasa a kwamfuta, amma PlayStation ba ta cika su, sai ta bar baƙin fili a gefe biyu. Sayen irinsu domin shagon wasa asarar kuɗi ce.

Yawan ɗigo

Lambobi irin su 1366x768 ko 1920x1080 na nufin yawan ɗigon da ke jere a faɗi da kuma a tsayi. Allon 1920x1080 na da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai, na 2560x1440 na da kusan miliyan 3.7, shi kuwa wanda ake kira 4K ya haura miliyan 8.

Allon LCD na nuna hoto tangaran ne kawai idan aka ba shi daidai yawan ɗigon da aka ƙera shi da su. Idan aka ba shi ƙasa da haka, sai ya shimfiɗa hoton, rubutu ya yi laushi. Wannan ne ya sa allo mai ɗigo da yawa ba alheri ba ne ga wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi. Kwamfutar da ke tafiyar da wasa lami lafiya a 1920x1080 za ta yi aiki ninki huɗu a 4K, kuma yawancin kwamfutocin ofis na hannu da ake mayarwa na wasa ba za su iya ba.

Ga wanda zai zauna a teburi, tazarar hannu ɗaya daga allon, inci 22 zuwa 24 mai 1920x1080 ya wadatar. A inci 27 da wannan adadi, ɗigon kan fara bayyana ga ido, wanda ya sa aka fi son 2560x1440 a wannan girma. Kamfanin Sony ya ƙara wa PlayStation 5 ikon fitar da 2560x1440 a shekara ta 2022, amma PlayStation 4 ta asali ba ta wuce 1920x1080.

Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne manyan alluna masu 1366x768. Akan rubuta musu HD, mai saye ya ɗauka cikakken 1920x1080 ne, alhali ɗigonsu kusan rabi ne.

Lambobi uku da ake cakuɗawa

Babu inda talla ta fi rikita mutane kamar batun sauri, domin abubuwa uku ne daban-daban ake kira da suna ɗaya.

Na farko shi ne sau nawa allon ke sabunta hoto a cikin sakan guda, wanda ake rubutawa da Hz. Allo mai 60Hz na sauya hoto sau 60 a sakan, wato kowane hoto na tsayawa kimanin milisakan 16.7. A mai 144Hz kuwa, bai kai milisakan 7 ba. Bambancin na bayyana ga ido, musamman a wasannin harbi da na tsere.

Amma allo ba zai nuna abin da ba a ba shi ba. PlayStation 4 ba ta fitar da hoto sama da 60 a sakan. Mai shagon da ya sayi allo mai 165Hz ya haɗa shi da ita ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa gani ba. PlayStation 5 da ta fito a 2020 na iya kai wa 120, amma a wasu wasanni kawai. Wasannin ƙwallon da suka fi kawo ciniki, wato FIFA da ta koma EA Sports FC a 2023, da PES da kamfanin Konami ya mayar eFootball a 2021, an daɗe ana buga su a kan hoto 60 a sakan ba tare da wata matsala ba.

Na biyu shi ne lokacin da ɗigo ke ɗauka ya sauya launi. Shi ne ake rubutawa 1ms ko 5ms a jikin kwali. Idan ɗigon na da nawa, sai a ga inuwa na bin ƙwallo a baya. Sai dai kowane kamfani na da hanyar da yake auna wannan, kuma galibi yakan zaɓi sauyin da ya fi sauri ne ya rubuta. Wasu allunan ba sa kai wa ga lambar sai an ƙure wani saiti da ke tura wa ɗigon ƙarin wuta, wanda shi kuma ke jawo farar inuwa a gefen hoto. Don haka allo mai kyau da aka rubuta wa 5ms na iya fin mai araha da aka rubuta wa 1ms.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci kuma ba a rubuta shi a kwali, shi ne jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da ganin sakamako. A nan ne allon kwamfuta ya fi talabijin. Talabijin kan tsaya ya gyara hoto, ya ƙara masa kaifi da launi, kafin ya nuna shi, kuma a wasu tsofaffin talabijin wannan kan ci kwatankwacin hotuna uku ko fiye. Mai bugun fenariti zai ji kamar hannunsa ne ya makara, alhali allon ne. Wanda ya ga dole sai talabijin zai yi amfani da shi, ya nemi saitin da aka rubuta wa Game Mode, wanda ke kashe yawancin waɗannan gyare-gyare.

Ga masu wasa a kwamfuta akwai ƙarin tsari guda, wanda ke sa allon ya daidaita saurinsa da na kwamfutar don kada hoto ya riƙa tsagewa biyu. Kamfanin Nvidia ya fito da nasa, G-Sync, a 2013, AMD kuma ya biyo baya da FreeSync a 2015. Yanzu akan same shi har a alluna masu matsakaicin farashi.

TN da IPS da VA

Fuskar LCD iri uku ce. TN ita ce mafi daɗewa, an ƙirƙiro ta a 1970, tana da araha da sauri, amma launinta na sauyawa da zarar an kalle ta daga gefe, ko daga ƙasa musamman. IPS, wadda kamfanin Hitachi na Japan ya fitar a tsakiyar shekarun 1990, tana riƙe launinta ta kowace kusurwa. VA kuwa ta fi su baƙi mai zurfi, sai dai takan yi nawa a wurare masu duhu na hoto.

A shagon wasa mutum biyu ne ke zama a gaban allo ɗaya, babu wanda ke tsakiya, ga kuma 'yan kallo a tsaye a baya. A irin wannan zama IPS ce ta fi dacewa. Gane TN ba shi da wuya: a durƙusa a kalli allon daga ƙasa, idan hoton ya yi duhu ko launuka suka juye, to ita ce.

Lambar nan ta 1,000,000:1 ko fiye da ake mannawa a gaban allo, wai bambancin fari da baƙi, ba ta da wani amfani. Ainihin abin da TN da IPS ke bayarwa kimanin 1,000:1 ne, VA kuma kimanin 3,000:1. Haka nan fuska mai ƙyalli ta fi jan ido a shagon mai sayarwa, amma a ɗakin da ƙofarsa ke buɗe ga titi da rana tsaka, madubi take komawa. Marar ƙyalli ta fi.

Kafofin waya da sauti

Yawancin allunan hannu da ke kasuwa daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, irin su na Dell da HP da Lenovo, kuma ba domin wasa aka ƙera su ba. Da yawansu na da kafar VGA, mai launin shuɗi, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, da farar kafar DVI ta 1999, wasu kuma da DisplayPort. Abin da sau da yawa ba su da shi shi ne HDMI, alhali PlayStation 4 da 5 ba su da wata kafar hoto sai ita.

Daga HDMI zuwa DVI waya kawai ake buƙata, hoton kuma ba ya raguwa. Zuwa VGA kuwa sai an sayi ƙaramar na'urar da ke juya siginar, wasu daga cikinsu ma ba sa aiki da PlayStation 4 sai an kashe tsarin kariyar nan na HDCP a cikin saitin na'urar, ko an ba su wuta ta daban. Wayar da ke haɗa DisplayPort da HDMI galibi hanya ɗaya take bi, daga kwamfuta mai DisplayPort zuwa allo mai HDMI. Ba ta aiki a akasin haka, kuma a nan mutane da dama kan yi asarar kuɗin waya.

Sai batun sauti. VGA ba ta ɗaukar sauti, haka ma DVI a yawancin alluna, kuma allunan ofis da yawa ba su da lasifika. Wasan ƙwallo ba tare da ihun 'yan kallo da muryar mai sharhi ba kuwa ba ya jan ciniki. Mafita ita ce a nemi allo mai HDMI da kuma ƙaramar kafar fitar da sauti a bayansa, wadda za a jona wa lasifika.

Lissafin wuta

A Kaduna, wannan ne babin da ya fi kowanne nauyi.

Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a birnin tun ƙarshen shekara ta 2014, da kuma jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage shi. Waɗanda ke ƙananan rukunoni na biyan ƙasa da haka, amma su kuma janareta ne ke cike musu giɓin. Man fetur kuwa farashinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi a ranar 29 ga watan Mayun 2023.

A nan ne irin fitilar da ke bayan allo ke shigowa. Allunan da aka ƙera kafin wajejen 2010 galibi na amfani da siraran fitilu masu kama da doguwar farar fitilar ɗaki, waɗanda ake kira CCFL. Na bayan nan na amfani da ƙananan ƙwayayen LED. Abin da 'yan kasuwa ke kira allon LED, allon LCD ne da aka sauya wa fitila, ba wani sabon abu ba ne.

Allo mai inci 22 zuwa 24 na CCFL kan ci wat 40 zuwa 60, wasu ma fiye. Kwatankwacinsa na LED kan tsaya tsakanin wat 15 da 25. A ce bambancin wat 30 ne. Shago mai alluna shida da ke aiki awa 10 a rana zai ƙone ƙarin yunit 1.8 kullum, wato yunit 54 a wata. A farashin naira 225 ɗin nan, wannan ya haura naira 12,000 a wata, kusan naira 146,000 a shekara, a kan fitila kawai. A janareta kuɗin ya fi haka nesa ba kusa ba. Rangwamen da aka samu ranar sayen tsohon allo kan ƙare tun kafin shekara ta zagayo.

Akwai kuma iyakar abin da injin zai ɗauka. Ƙaramin janaretan nan da ake yi wa laƙabi da "na fi maƙwabcina" ƙarfinsa bai wuce wat 650 ba, kuma PlayStation 4 ta farko kaɗai kan ci sama da wat 100 yayin wasa. Duk wat ɗin da aka rage a allo, wuri ne aka samar wa fanka ko ƙarin na'ura. Ga mai amfani da batir da hasken rana, shi ne bambancin da ke tsakanin rufe shago ƙarfe takwas da kai wa ƙarfe goma.

Yawancin alluna an rubuta musu 100 zuwa 240V a baya, don haka raguwar ƙarfin wuta ba ta cika damunsu ba. Abin da ke kashe su shi ne tashin wuta farat ɗaya, lokacin da aka dawo da ita, ko aka sauya daga janareta, ko kuma tsawa a farkon damina. Na'urar kariya daga tashin wuta ta fi allo araha ƙwarai. Allon da ke da akwatin wuta a waje, irin na kwamfutar tafi-da-gidanka, na da wata fa'ida: idan wuta ta yi ɓarna, galibi akwatin ne ke ƙonewa, a sayi wani. Sai dai a tabbatar ƙarfinsu ɗaya, domin wasu na 12V ne, wasu 14V, wasu 19V, kuma bakin wayarsu na iya kama da juna.

Daga ina tokumbo ke fitowa?

Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,400 a farkon 2024. Babu kamfanin da ke ƙera fuskar LCD a Najeriya, don haka farashin sabon allo ya bi dala, masu saye da yawa kuma suka koma ga na hannu, wanda ake kira tokumbo ko Beljiyam.

Kayan na sauka ne a tashoshin jiragen ruwa na Legas, su bi ta kasuwar Alaba da Computer Village da ke Ikeja, kafin a yo lodinsu zuwa Arewa. A Kaduna akan same su a shagunan cikin gari da ke kewayen titin Ahmadu Bello, da kuma ƙananan shaguna a tsallaken kogi.

Ba dukansu ne ke isowa da rai ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin Legas a 2015 da 2016, tare da cibiyar yarjejeniyar Basel ta Afirka, ya ƙiyasta cewa ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Kimanin kashi uku cikin huɗu na kayan daga tashoshin Tarayyar Turai suka fito, akasari an cusa su ne a cikin tsofaffin motocin da ake shigowa da su. Shafaffun talabijin da allunan kwamfuta su ne kaso mafi nauyi, kuma fiye da rabin waɗanda aka gwada sun lalace.

Dokar Najeriya ta hana shigo da kayan lantarkin da suka mutu, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ce kuma ke da alhakin sa ido. Amma abin da ya kuɓuce wa jami'ai a tasha yakan faɗa hannun masu gyara, a farfaɗo da shi, a goge shi, a jera shi da masu lafiya. Wannan ba lallai ne ya zama ha'inci ba, domin gyara mai kyau na iya ƙara wa allo shekaru. Matsalar ita ce mai saye bai san wanne ne wanne ba.

Gwaji kafin biya

Gwajin da ya dace bai wuce minti ashirin ba, kuma ya fi kyau mutum ya je da na'urarsa da wayarsa, maimakon ya dogara da bidiyon da mai shago ya kunna.

A fara da takardar da ke manne a baya. Tana ɗauke da lambar samfurin, da wata da shekarar da aka ƙera shi, da ƙarfin wutar da yake buƙata. Da lambar samfurin ana iya binciko irin fuskarsa da fitilarsa a intanet cikin minti ɗaya. Allon da aka ɓantare wa wannan takarda abin zargi ne.

Sai a cika fuskar da launi ɗaya bayan ɗaya: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi. A kan fari ake ganin matattun ɗigo, da tabon da dannewa ta bari a lokacin lodi, da kuma tsufan fitila. Farin da ya koma ruwan ɗorawa, ko ya fara da ja-ja idan an kunna, alama ce ta fitilar CCFL da ta kusa ƙarewa. A kan baƙi ake ganin ɗigon da ya maƙale yana haske, da hasken da ke yoyo daga gefe. Ɗigo ɗaya ko biyu a can kusurwa ba abin fasa ciniki ba ne, ko sababbin alluna ƙa'idar masana'antu ta yarda a same su da 'yan kaɗan. Amma layin da ya ratsa fuska daga sama zuwa ƙasa cuta ce a jikin gilashin, gyaranta kuma kusan kuɗin wani allon ne.

Bayan nan a kashe shi a sake kunnawa sau uku ko huɗu. Allon da ke jinkirin tashi, ko ya nuna hoto na sakan biyu ya ɗauke alhali ƙaramar fitilar gabansa na kunne, yana da matsala a sashen wutarsa. Sau da yawa kafasitoci ne suka kumbura, kuma mai gyara na iya sauya su da kuɗi kaɗan, amma wannan dalili ne na rage farashi. A bar shi ya yi zafi na aƙalla minti goma sha biyar, domin wasu matsalolin ba sa fitowa sai ya ɗumama. A gwada kowace kafa da kowane maɓalli, tun da allon da maɓallansa suka mutu ba za a iya sauya masa saiti ba.

A ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin allon da adadin kwanakin da aka amince za a iya dawo da shi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su dace da abin da aka bayyana masa ba, amma in babu takarda, magana ce kawai tsakanin mutum biyu.

Zafi da ƙura

A watannin Maris da Afrilu zafin Kaduna kan haura digiri 35 a ma'aunin Celsius, a cikin shago mai rufin kwano kuma ya fi haka. Yawancin alluna an tsara su ne su yi aiki a ƙasa da digiri 35 zuwa 40. Manna allo a jikin bango ba tare da tazara ba, ko rufe ramukan iskarsa da leda don gudun ƙura, na gaggauta mutuwar kafasitocinsa. Rage hasken allon zuwa rabi na rage zafi da cin wuta, yana kuma sauƙaƙa wa ido da dare.

Lokacin hunturu, ƙura kan shiga ta waɗannan ramuka, wani lokaci har ta ratsa tsakanin gilashi da fitila ta bar tabo. A rufe allon da ƙyalle bayan an kashe shi ya huce. Wajen gogewa, ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa da ruwa ya isa. Kananzir da fetur da ruwan goge gilashi na cinye rufin da ke hana ƙyalli.

Idan allon CCFL ya mutu murus, fitilunsa na ɗauke da zaiba, wadda ke illa ga ƙwaƙwalwa da ƙoda idan aka shaƙi tururinta. Bai kamata a fasa shi a cikin ɗaki ko a bar yara su yi wasa da siraran fitilun ba. Masu gyara kan sayi matattun alluna domin cire sassansu, kuma sashen wuta ko ƙafar tsayuwa ta allon da gilashinsa ya fashe na iya tayar da wani irinsa.